Kujerar Mushe Ilu Ba Ta da Fenti

Mushe Ilu ya rasu. Haka Seyni direban taksi ya faɗa mini, ko sallama bai yi ba, ina tsaye a kasuwar Peti Marshe ana sauke mini buhunan albasa daga Galmi. Ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Garba, rufe rumfa. Mushe ya tafi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai yanzu nake muku sallama, mutanen unguwar Bukoki da duk wanda wannan rubutu ya zo hannunsa. Ku gafarce ni, labarin ya riga gaisuwa fita.

Ni ne Garba mai albasa. Duk harafin da kuke gani a nan, Mushe Ilu ne ya sa shi a hannuna; Mushe muke ce wa malamin boko a wurinmu. Ina da furfura a gemu na fara zuwa kur dadil, karatun manya da ake yi bayan magariba a lakkwal, wato makarantar bokon unguwarmu. Gwiwoyinmu ba sa shiga ƙarƙashin teburin yara. Shi kuwa ya wuni yana fama da ɗalibai, sannan ya dawo gare mu, ƙurar alli har gwiwar hannunsa, ya kama yatsun ƙattin maza yana bi da su kan layi. Ban taɓa jin ya yi wa ɗayanmu dariya ba. Na so in rubuta wannan da hawaye kaɗai. Amma abin da na gani a ƙofar gidansa ranar makoki ya sa nake rubutu da fushi, kuma ba zan ɓoye ba.

Da ya ajiye aikin koyarwa, ajinsa ya koma ƙarƙashin bedi, bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gidansa. A nan fadarmu take: murhun gawayi, butar shayi, da doguwar kujera guda wadda shi da kansa ya haɗa da katakon akwatunan tumatir. Ƴan jam'iyya mai mulki suna zama a kanta, ƴan adawa suna zama a kanta, har da irina waɗanda ba su yarda da kowa ba. Dokoki biyu ya kafa mana. Ta farko, kowa ya zo da ɗan sukarinsa ko ganyen shayinsa ko gawayinsa, kuma ba ɗan siyasar da zai saya wa fadar nan shayi. Kun san yadda ake yi a Yamai in zaɓe ya matso: mota ta tsaya, a miƙa kuɗin shayi, a sauke kujeru masu launin jam'iyya, shi ke nan fada ta sami ubangida. Sau da yawa an tsaya a wurinmu. Mushe yakan tashi ya gaisa da su da hannu biyu, ya ce, "Ku zauna ku sha. Amma shayin nan ba ya da ubangida."

Doka ta biyu ita ce ta fi ba mu wuya. Ba ka da ikon mayar wa mutum martani sai ka maimaita maganarsa, har shi da bakinsa ya ce, "E, abin da na ce ke nan." In ka zabura za ka yi gardama, sai Mushe ya ɗaga yatsa ya ce, "Maimaita tukuna." Manya da mu, muna maimaitawa kamar ƴan aji ɗaya, jijiyar wuya a tashe.

Ba wanda ya sha wannan yatsa kamar ni, saboda ni da shi mun shekara da shekaru muna jayayya a kan abu guda: kuɗin da gwamnati ke ɗiba daga baitulmali tana ba jam'iyyu. Ni ban yarda ba, har gobe. Nakan ce, "Mushe, na fito tun asuba, na biya harajin fatanti, na biya kuɗin rumfa, sannan a ɗauki gumina a ba jam'iyyar da ban zaɓa ba ta ɗinka huluna? Wanda ke son jam'iyya ya ciyar da ita daga aljihunsa!"

Seyni ya ce, "Warin albasa ya hau maka kai, Garba. Aljihun wa? Naka ko nawa?"

Mushe ya bar mu muka gama, ya maimaita maganata tsaf har ta fi yadda na faɗe ta kyau, sannan ya ce, "In baitulmali bai ciyar da su ba, wani attajiri zai ciyar da su, kuma ba don Allah ba. Kuɗinka kana da bakin tambayar inda ya shiga. Nasa, ko a ƙofar gidansa ba za a bar ka ka tsaya ba." Sharaɗinsa ɗaya ne: duk wanda ya karɓi kuɗin jama'a ya fito gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi da shi. Bai taɓa juya ni ba, ni ma ban taɓa juya shi ba. Amma a wurinsa na koyi cewa za ka iya ƙin ra'ayin mutum ka kuma zuba masa shayi na biyu.

Haka yake a kan gwamnatin ƙawance. Yakan ce ƙasa mai jam'iyyu da yawa kamar tamu, da wuya ɗaya ta cika majalisa ita kaɗai, don haka haɗa kai ba abin kunya ba ne. "Amma a faɗa wa mai zaɓe tun bai dangwala ba," in ji shi. "Wanda ya zaɓe ka don ka zauna nan, kada ya farka ya gan ka can."

Mushe yana da jam'iyyarsa, ba zan ambaci sunanta ba. Ya yi mata aiki tun tana taro a zauren mutane. A wani zaɓe, shugabanninta suka yi rantsuwa cewa ba za su taɓa zama gwamnati ɗaya da masu mulki ba. Mushe ya ɗauki wannan magana ya bi Bukoki gida gida da ƙafarsa. Mutane suka yarda, ba don shugabannin ba, sai don wanda ya koya wa ƴaƴansu karatu ne ya faɗa. Aka yi zaɓe. Ba a daɗe ba muna zaune a fada, rediyo na karanta sunayen sababbin ministoci, sai ga mutanen jam'iyyarsa a ciki. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya tambayi reshen unguwa. Seyni ya miƙa hannu zai kashe rediyon, Mushe ya ce a bari a gama.

Abin da ya yi bayan haka ban taɓa ganin wani ya yi ba. Ya cire hular jam'iyya, ya sake bin gidajen nan duka, ɗaya bayan ɗaya, yana sallama yana cewa, "Na faɗa muku abin da bai tabbata ba. Na zo ku yafe mini." Wata tsohuwa ta ce masa, "Mushe, ai ba kai ka ci amana ba." Ya ce, "Bakina kika ji, Inna, ba nasu ba." Masu ofis a unguwar Plato suna shan iska mai sanyi, tsoho yana yawo cikin rana yana biyan kunyarsu. Wannan ne mutumin da muka kai maƙabartar Yantala muka rufe.

Ya daɗe yana jinya. Mu muka riƙa kai shi asibiti a taksin Seyni. Daga jam'iyyar nan ba wanda ya leƙo, ko wayar talho ba su buga ba. Amma muna dawowa daga maƙabarta sai muka tarar an riga mu. An kafa babban bash, wato rumfar tamfol, a ƙofar gida. An jera sababbin kujeru, kowace an shafe ta da launin jam'iyya har ƙafafu. Kujerar Mushe kuwa an ja ta an jefar bayan katanga, ƙafa a sama, kusa da kwata.

Sakataren reshen jam'iyyar, wani mai suna Bubakar, ya miƙe a tsakiyar masu ta'aziyya, cikin babbar riga mai sitaci. Ya ce marigayi uba ne ga jam'iyya. Ya ce marigayi mutum ne mai son ƙawance, wanda ya sa wa shigarsu gwamnati albarka. Ya ce don girmama shi, jam'iyya ta bar waɗannan kujeru kyauta, kuma daga yau wannan fada ta zama reshenta mai sunan Mushe Ilu, allon suna na nan tafe.

Jama'a, ƙasar kabarinsa ba ta bushe a hannunmu ba. Mutumin da ya bi gida gida yana neman gafara saboda abin da suka yi, shi ne yau ya sa musu albarka? Na miƙe, Seyni ya riƙe mini gefen riga ya ce a hankali, "Garba. Maimaita tukuna."

Wallahi ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci kamar wannan ba. Na ce, "Sakatare, ga abin da ka ce. Mushe ya yi wa jam'iyyarku hidima. Mushe ya yarda jam'iyyu su haɗu su yi mulki. Ya kuma yarda a ba ku kuɗin baitulmali, wanda da shi kuka sayi waɗannan kujeru. Don haka kuna ganin kuna da rabo a sunansa. Haka ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Baba. Ka fahimta sosai."

Na ce, "To saurari nawa. Ya yarda da ƙawancen da aka faɗa wa mutane kafin zaɓe, naku kuwa a rediyo ya ji shi kamar kowa. Ya yarda a ba ku kuɗinmu don kada attajiri ya saye ku, ba don ku zo ku saye mu ba. Kuma a rayuwarsa ko ƙwayar sukari bai karɓa daga hannunku ba. Yanzu da ba ya iya tashi ya ce a'a, shi ne kuka kawo."

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan maganar iyali ce, ba ta ƴan shayi ba."

Ya yi gaskiya a nan, kuma gabana ya faɗi, don ƙofar gidan ba tawa ba ce. Gidan da aka yi doguwar jinya, in mai iko ya zo da hannu a buɗe, ba kowa ke iya cewa a'a ba. Da uwargidan marigayi, Malama Habsu, ta yi shiru, da fadar ta tafi, kuma ba mai zarginta.

Ashe tana jin komai daga zaure. Ta aiko a kira ni da Sakataren, muka tsaya daga bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam Garba, ina kujerar da mijina yake zama?" Na faɗa mata. Sai ta ce, "Ɗana Bubakar, mun gode da ta'aziyya. Bash ɗin nan, tunda da kuɗin jama'a aka saye shi, a bar shi jama'a su sha inuwa har a tashi makoki, sannan ku zo ku naɗe abinku. Kujerun a mayar yau. Sunan Malam kuwa ba ya cikin abin da za a raba gado."

Mu muka ɗora kujerun a kan taksin Seyni, muka ɗaure da igiyar buhunan albasata. Ya yi sawu ya kai su har ƙofar ofishinsu. Muka ɗauko tsohuwar kujera, muka wanke ta, muka buga mata ƙusa a ƙafar da ta saki, muka mayar da ita gindin bedi. Na ji ana cewa za su dawo da allonsu ranar addu'ar arba'in, wai har da manya daga Plato. Shi ya sa na rubuta wannan, don kada wani ya tsaya a ranar ya sa wa mamaci magana a baki ba wanda ya san gaskiya. Ni har yanzu ina kan bakana: bai kamata a ba su ko dala ba. Da Mushe na nan da ya ɗaga mini yatsa. Ba ya nan, kuma ba zan yarda a ƙirƙiro wani Mushe a maimakonsa ba.

Allah ya jiƙan Mushe Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa kamar yadda ya buɗe mana ido. Duk harafin da ɗalibansa suka karanta, Allah ya sa shi a mizaninsa. Allah ya ba Malama Habsu da ƴaƴanta haƙuri, ya rufa musu asiri, kada ya sa su nemi wani abu a hannun wanda zai yi musu gori. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ga kuma abin da ya hana fushin nan cinye ni. Muna cikin zaman makoki matar ɗana Lawali ta sauka, namiji, lafiyayye, da murya kamar mai tallan kasuwa. Na yi kuka na yi dariya a wuri ɗaya har mutane suka ɗauka na zautu. Lawali ya ce, "Baba, kai za ka zaɓi suna." Iliyasu za a raɗa masa, sunan marigayi, amma ba mai kiransa da shi a gabana. Mushe za mu riƙa ce masa.

Suna ranar Juma'a da safe, a gidana, lungu ɗaya da gidan marigayi. In an shafa fatiha za mu koma gindin bedi a ɗora buta. Ƴan mulki ku zo, ƴan adawa ku zo. Sakatare Bubakar, kai ma ka zo, akwai wurinka, amma ka bar hular jam'iyya a gida. Kowa ya riƙo sukarinsa. Ku zo ku ga ƙaramin Mushe, ku ga kujerar babban, tana nan yadda ya bar ta, ba fenti.