Manzo, Mai Tayar da Tsofaffin Wayoyi

Kowace safiya, kafin 'yan kabu-kabu su cika tashar Dungas, Manzo ya riga ya jingina farantin sola a jikin rumfarsa, ya kunna wani tsohon ordinato, wato kwamfuta, wanda roba ce ke riƙe da murfinsa. Mutum ne mai ƙarancin magana, gaisuwarsa ma sai ka kasa kunne. Amma ka miƙa masa wayar da kamfaninta ya daina kulawa da ita, ka ga ikon Allah.

Aikinsa shi ne cire takunkumin da masu ƙera waya suka sa mata, ya zuba mata manhajar da wasu bayin Allah suka rubuta suka bar wa duniya kyauta. Tsohuwa ta koma budurwa, in ji 'yan tasha. Yana da ƙa'ida guda: ba ya gwaji a kan wayar mutum. Sai ya nemo irinta sak, wadda yake kira tagwaiyarta, ya fara koyo a kanta. Masu gaggawa sun sha yi masa tsiya a kan haka, shi kuwa ko a jikinsa.

Ni dai na daina dariyar wannan ƙa'ida tun ranar da Tabawa ta zo daga Guci. Dattijuwa ce, ta kwance bakin zane ta fito da wata waya mai tsagaggen gilashi. A ciki akwai saƙon murya guda na mijinta, marigayi Alkasim. Ta ɗauka murya ma ƙarewa take yi kamar kuɗin kira, don haka sai ranar Sallah kawai take saurara, ta mayar cikin kwalla. Bana ta ɗauko, manhajar ta ƙi buɗewa.

"Inna," in ji Manzo, "in na buɗe ta yadda aka saba, duk abin da ke ciki zai goge."

"To bar ta haka, ɗan nan. Gara yana ciki ina sane, da a ce babu shi."

"Ki ba ni lokaci."

Ya bi kasuwar Magarya da ta Kwaya har ya samo tagwaiyarta, ya ɗauki tasa muryar a ciki, ya gwada. Ta goge. Ya sake, ta sake gogewa. Ya yi ta tambayar masu rubuta manhajar da guntun Faransancinsa, mutanen da ko a hanya ba zai gane su ba. Sai da aka yanke gero kafin muryarsa ta tsira a cikin tagwaiyar. Sannan ne ya aika a kira Tabawa.

Ina wurin. Ya yi wa wayarta abin da ya yi wa tagwaiyar, ya danna saƙon. Can sai muryar wani tsoho ta fito tas: "Tabawa, ki shigar da awakin nan, hadari ya taso."

Iyakar saƙon ke nan. Tabawa ta rufe fuska da mayafi, mu ma kowa ya sunkuyar da kai. Sai ta yi sauri ta ce, "Kashe, kashe, kar ta ƙare!"

"Ba ta ƙarewa, Inna. Ko sau dubu ne."

Ta matso kusa da shi. "To, sake sa min shi."

Manzo, kai ne mai haƙurin da ya dafa dutse muna kallo. Mun gode, Allah ya ƙara wa idonka haske. Ku kuma masu gyara, ku yi koyi da shi, ku daina gwaji da amanar mutane, don ba ku san abin da ke kwance a cikinta ba.

Maƙwabtan Tabawa sun ce yanzu kullum da yamma sai sun ji Alkasim yana cewa a shigar da awaki, ko da rani ne. Ita kuwa sai ta tashi ta shigar da su.