Bijimin Ƙarfe da Jallabiyata

Ni Sale Tela, babu wanda ya koya mini ɗinki, ido kawai na sa na iya. Shagona na unguwar Mansur a Makka da gumina na buɗe shi. Larabci ma a titi na tsince shi. To ni ne bijimin ƙarfe zai gagara?

Hutun nan na kai iyali Ɗa'ifa, wani gidan gona da aka yi wa ado irin na kaboyi, ga dawakai ga manyan huluna. Akwai wani bijimi mai aiki da lantarki, duk wanda ya yi minti ɗaya a bayansa sai a rubuta sunansa a allo.

Uwargidana Hajiya ta ce mini, "Abu Usman, don Allah ka rufa mana asiri." Na tattare jallabiyata na hau.

Maganar gaskiya, a juyi na biyu na rabu da sirdi. Amma ban taɓa ƙasa ba, domin jallabiyar ta maƙale a ƙaho. Haka na yi ta lilo ina salati har minti ya cika.

Na ce wa mai allon ya rubuta. Ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, ai ba kai ka zauna ba, rigarka ce ta riƙe ka."

Na ce, "Wa ya ɗinka rigar? Duba ka gani ko zare ɗaya ya tsinke!"

Ya duba sosai. Ya ƙi rubutawa, amma ya tambaye ni inda shagona yake.

Jama'a, ku yi mana hukunci. Ni dai ban haƙura ba, sai an rubuta: Sale Tela, Mansur, Makka.