Fitilar Inna Léontine

Kafin masu gashin burodin garinmu Montreuil su fitar da zubin farko, Inna Léontine Ravoux ta riga ta zauna bakin taga, ta ɗaure gashi, ta jiƙa ɗan buroshinta. Aikinta sa wa fim launi. Majigi dai ba ya magana, kuma baƙi da fari yake zuwa mana, sai mu mata mu bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai fi kan sarki girma ba. A shagon Madam Tessier kowace mace da launinta. Ursule na da shuɗi, ni ja, Inna kuwa ruwan ɗorawa, tun wasunmu ba su san hannun dama ba.

Duk kambin zinariyar da yara suka saki baki suna kallo a tatsuniyoyin majigi, duk sandar aljana mai tartsatsi, hannunta ne. Ke ce kika kunna ranar da ta fito wa marayu a labarai, Inna, amma sunanki bai taɓa hawa allo ba.

To bana sai ido ya fara gudunta. Ba ta faɗa ba, mu ma muka yi kamar ba mu gani ba. Aikinta na ƙarshe tatsuniyar 'yar masunci ce da ta ɗauki fitila ta shiga daji neman ƙannenta. Fitilar nan a kan fim ba ta kai ƙwayar gero ba, ga dokar sana'armu ɗaya ce, launi ba ya ƙetare layi. Ursule ta duba ta ga a wannan hoto ya malala, a na gaba ya gaza. In Madam ta ƙi aikin, wahalarmu duka ta tashi a banza, Inna kuma ta bar shagon da kunya bayan tsawon shekarun nan.

Ursule ta raɗa mata cewa ta kawo a gyara a ɓoye. Inna ta janye fim ɗin.

"Ke da ko kyandir ba ki taɓa kunnawa a nan ba? Koma kan shuɗin tekunki, 'yar nan. In faɗuwa ce, da hannuna zan faɗi."

Ran gwaji aka sauke labule da rana tsaka, aka fara juya na'ura. Yarinya ta fito da fitila, sai ga wutar tana girma tana ƙanƙancewa, tana karkata, tana farfaɗowa. Abin da muka ɗauka ɓarna a kan tebur, da hotuna suka bi juna da gudu sai ya zama numfashin wuta. Ban taɓa ganin haka ba, tsigar jikina ta tashi. Da iska ta taso a dajin, na ga Madam Tessier, matar da ba ta san wasa ba, ta ɗaga tafin hannu za ta kare wutar.

Inna hazo kawai take gani. Ta kamo hannun rigata.

"Faɗa min gaskiya. Ta lalace ko?"

Madam ce ta amsa: "Léontine, saura kaɗan wutar ta mutu. Da ƙyar ta kai yarinyar gida."

Wannan makon Inna ta ajiye buroshi. Mun gode, uwar haske, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Ku 'yan baya, ku riƙe aikinku kamar yadda ta riƙe nata. Ku kuma masu kai yara kallo, in kun ga fitilar nan tana kaɗawa, ku gaya musu sauran hasken idon wata tsohuwa ne ke ci a ciki.