Hannun Safara'u Ya Kai Kunne

A bakin titin Naraguta wata mata na zaune gaban tiren dankali, tafin hannunta duk ya yi kanta, da alama ta daɗe tana wankin kuza a wurin haƙar ma'adinai. Motar 'yan siyasa na wucewa, lasifika na rantsuwa cewa mai girma zai sa kowane yaro makaranta kyauta.

Ko kallon motar ba ta yi. Sai ta jawo 'yarta.

"Safara'u, taɓa kunne."

Yarinyar na zagayo da hannu ta bisa kai, yadda hedimasta ke gwada waɗanda suka isa shiga aji ɗaya. Yatsunta har sun wuce kunnen.

"Ka gani, oga?" take ce wa wani mai sayen dankali. "Shekara uku ke nan hannun yana kaiwa. Ginin ajin da suka yi mana alkawari ne har yau bai kai taga ba."