Ranar da Na Soke Ƙwallon 'Yata

Sai da na haura shekara arba'in kafin na taɓa jin sunan wasan lakros. Ina koyar da kimiyya a ɓangaren 'yan mata na wata sakandare mai zaman kanta a yammacin Riyad, irin makarantun nan da 'ya'yan baƙi suka cika: Sudan, Masar, Pakistan, Filifin, sai mu 'yan Najeriya da ba mu da yawa. Wata shekara aka kawo mana sabuwar malamar wasanni daga Kanada, doguwar mace mai tafiya kamar an biyo ta. Ta iso da manyan jakunkuna cike da sanduna, kowace da ɗan kwandon zare a kanta. Direban bas ɗinmu, mutumin Maraɗi, shi ya sauke kayan. Ya zaro sanda ɗaya ya jujjuya ta, ya dube ni ya ce, "Malama, wannan matacin koko ne ko na kamun fara?"

Da wannan kwandon ake cafe ƙwallon, ɗan ƙarami mai taurin tsiya, a ruga da shi, a wurga wa 'yar'uwa, har a samu a jefa shi cikin raga. Kafin wata ya zagayo yaran sun haukace a kansa, kuma babbar 'yata ce kan gaba. A Riyad aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, in ranta ya ɓaci ma Hausar gaba ɗaya take gudu ta bar ta. Kullum da la'asar tana kan rufin gidanmu a unguwar Badi'a tana jifan bango tana cafewa, har maƙwabciyarmu ta ƙasa ta hau ta tambaya ko gini muke yi.

Ni kuwa muryata ce ta ja mini. Wata rana na leƙo daga bene na daka wa wasu yara tsawa su bar farfajiya su shiga aji. Malamar wasanni na can ƙarshen fili, ta waiwayo, ta taho da sauri har sama.

"Ke nake nema," in ji ta. "Wasu makarantu sun yarda mu yi gasa, amma ba mu da alƙalan wasa. Wannan muryar ba ta ma buƙatar usur."

Na ce mata ni ko ƙwallon ƙafa ban iya kallo ba. Ta ce hakan ya fi, ba sai ta sha wahalar goge mini wasu dokokin daga kai ba.

Haka na fara zuwa horo ranakun Asabar tare da wasu malamai mata daga sauran makarantun. Aka ba ni riga mai ratsin fari da baƙi, na haɗa da dogon wando da ƙaramin hijabi baƙi da nake cusawa cikin wuyan rigar. Ranar da na gwada su a gida maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki. "To Maman yara," ya ce, "yanzu in na makara cin abinci kati za ki ɗaga mini?"

Dokokin sun fi yadda na zata yawa. Na koyi yadda ake fara wasa: 'yan wasa biyu su tsaya a tsakiya, a matse ƙwallon tsakanin bayan kwandunansu, in an busa su fizga sama ya tashi. Na koyi cewa da'irar da ke kewaye da raga ta gola ce ita kaɗai, kuma sanda ba ta zuwa kusa da kan yarinya ko da wasa. Amma akwai doka ɗaya da malamar ta yi ta nanata mana har muka gaji. Idan yarinya ta samu sarari za ta harba, ba a yarda mai tsaron baya ta faɗo cikin hanyar harbin ba, sai in dama tana manne da wadda take tsarewa. In ta faɗo, a busa nan take, ba a jira a ga abin da zai faru. Ta sa kowaccenmu ta riƙe ƙwallon ta matsa shi a tafin hannu. "Yaran nan tabarau ne kawai a idonsu da roba a haƙoransu," ta ce. "Ku ne kwalkwalinsu."

Da sanyi ya shigo aka fara gasa, don a zafin Riyad ba mai iya gudu a fili. Wasannina na farko na sha kunya, na busa inda bai kamata ba, na nuna hannu gabas alhali yamma ake nufi. Amma a hankali ido ya buɗe. Na wayi gari ina jiran ranar wasa kamar yarinya mai jiran Sallah, ina wanke-wanke ina gwada alamun hannu da soso.

Ƙarshen kakar wasan aka shiga zagayen da in an ci ka sai gida. Ƙa'ida ita ce malama ba ta alƙalancin wasan makarantarta, don haka aka tura ni ɗaya wasan kusa da na ƙarshe, 'yata kuma suka ci nasu da ƙyar ba na nan. Wasan ƙarshe zai kasance a filinmu, mu da wata makaranta daga arewacin gari da ba a taɓa cin ta ba duk kakar. Na shirya zama cikin iyaye in yi ihu son raina. Har sabuwar abaya na ware.

Ranar wasan da safe sai sama ta ɓalle da ruwa. Wanda ya san Riyad ya san abin da ruwa ke yi mata: hanyoyin ƙarƙashin gada su cika, motoci su tsaya cak. Zuwa azahar ya ɗauke, filin roba ya tsane, baƙin 'yan wasan suka iso a makare. Cikin alƙalai biyun da aka sa, ɗaya ce ta zo, wata 'yar Filifin gajeruwa mai sanyin hali da muka yi horo tare. Ɗayar ta bugo waya daga gabashin gari, ta ce motarsu na tsaye a ruwa, ko gaba ko baya.

Ina zaune da fulas ɗin gahawa a cinya na hango malamar wasanninmu da mai horar da baƙin, wata 'yar Labanan, suna magana suna waiwayena. Na ajiye fulas ɗin. Suka taho tare.

"Rigarki na nan?" in ji tamu.

"Tana ofis. Amma 'yata na cikin wasan nan."

"Na sani," in ji 'yar Labanan ɗin. "Na ga alƙalancinki makon jiya. Mafi mushkila, ba matsala, na yarda. Yalla, mu je, yara na jin sanyi."

Na je na canza kaya. Kafin a fara na ja 'yata gefe na ce, "Daga yanzu har a tashi, ba ki da uwa a filin nan. Kin ji?"

Ta gyara tabarau ta ce, "Tayyib, Umma," tana murmushi, don ta ɗauka wasa nake.

Wayyo, wasan nan! Ban taɓa ganin irinsa ba. Baƙin suka fara ci tun ban gama daidaita numfashi ba, suka ƙara. Namu suka farfaɗo suka rama. Wata 'yar Sudan a cikin namu, siririya kamar kara, ta riƙa tsinke ƙwallo daga sama duk lokacin da aka fizga a tsakiya. Iyaye mata sun cika benci, wasu sun kifa bokitin shara suna kiɗa, ana ihu da harsuna kala-kala. Maza ba sa shiga ɓangarenmu, saboda haka maigidana na waje cikin mota tare da sauran ubanni, ba abin da suke samu sai ƙarar da ke tsallako katanga. Ni kuwa ina gudu gefen fili, gwiwoyina na kuka, zuciyata na tsalle duk lokacin da 'yata ta karɓi ƙwallo, fuskata kuma na ɗaure ta tamau. Na ba wata yarinyarmu katin gargaɗi saboda sandarta ta gogi kunnen wata, ta fita tana harara ta, gobe kuma ina da ita a aji.

Lokaci ya cika ana kunnen doki. Aka ƙara lokaci, wadda ta fara ci ta ɗauki kofi.

'Yar Sudan ɗin ta sake tsinko ƙwallon, ta wurga gaba. 'Yata ta cafe a guje, ta kauce wa ɗaya, ta juya ta bar ta biyu a baya, sai ga ta ita da gola, sandarta ta koma baya za ta saki. A daidai nan wata ƙaramar yarinya cikin baƙin, wadda ba ta tsare kowa, ta rugo ta tsaya a gabanta, fuska a buɗe. Ban yi tunani ba. Usur ya riga ni. Na busa da duk ƙarfina, sannan ƙwallon ya fita daga kwandon 'yata, ya wuce ta gefen kafaɗar yarinyar, ya girgiza raga.

Filin ya kece. Namu suka zubar da sanduna suka rugo, masu bokiti suka hau benci. Ni kuma ina tsaye ina kaɗa hannuwa, ina cewa babu ci, babu ci. Sai da na buɗe muryar nan tawa ta bene kafin aka ji ni.

'Yata ta taho, idanunta jajur a bayan tabarau, ta ɓarke da Larabci. "Yumma! Haram alaiki! Ya shiga! Kowa ya gani!"

"Na busa kafin ki saki," na ce. "Laifin nasu ne, an ba ki bugun kyauta. Koma kan layi."

"Umma, wallahi…"

"Kalma ɗaya kika ƙara, kati ne."

Abokiyar aikina, alƙaliyar nan 'yar Filifin, ta iso ta tabbatar ta ji usur ɗin kafin harbi. Daga benci wata uwa ta ɗaga murya da Hausa, wata 'yar Kano da muke gaisawa a taron suna: "Haba Malama! 'Yar cikinki fa!" Na yi kamar ban ji ba.

Aka tsayar da 'yata a kan layin da ke gaban raga, aka janye kowa daga hanyarta. Wurin ya yi tsit har ina jin ɗigar ruwa daga rumfa. Na busa. Ta taka biyu ta harba ƙasa, golarsu ta durƙusa ta tare da sanda. Innalillahi! Kafin mu farga ƙwallon ya koma can ɗaya gefen, baƙin sun kwaso a guje, ni ma na kwasa, ina addu'ar da ban san me nake roƙo ba. Suka harba. Golarmu ta tare da cinya, ta yi ƙara, ta ɗingisa ta ɗauka ta wurga.

Ƙwallon ya zo hannun 'yata a karo na uku, mutum biyu suka rufe ta. Wannan karon ba ta nemi raga ba. Ta ɗaga kai ta hango wata 'yar Pakistan, yarinya mai shiru-shiru da ba ta taɓa cin ko ɗaya ba duk kakar, tsaye ita kaɗai a gefen da'ira. Ta lallaɓa mata shi ta saman kawuna. Yarinyar ta cafe, ta rufe ido, na rantse ta rufe ido, ta jefa.

Ya shiga.

Amma ba a gama ba, don duk wadda ta ci sai ta ajiye sandarta a duba ko kwandon bai zurma fiye da ƙa'ida ba. Na ce wa abokiyar aikina ita ta duba, ni ba zan taɓa ba. Ta ɗauki sandar, ta sa ƙwallon ciki, ta ɗaga daidai idonta, ta juya ta. Duk filin ya zuba mata ido. Sai ta ɗaga hannu biyu sama, alamar ci ya tabbata.

Abin da ya biyo baya ban iya ba da labarinsa daidai ba. Na san na busa na ƙarshe, na gaisa da 'yar Labanan ɗin, ta riƙe hannuna ta ce da ban busa wancan ba da yarinyarta na asibiti yanzu. Na san na taka a nutse har ɗakin canza kaya, na rufe ƙofa. Sannan na cire usur daga wuya, na toshe hanci, na rangaɗa guɗa irin wadda rabona da ita tun bikin ƙanwata a Zariya. Na yi tsalle da gwiwoyin nan masu ciwo har sai da mai shara ta ƙwanƙwasa tana tambaya ko lafiya.

A mota maigidana ya rasa gane kanmu. "Na ji ihu sau biyu," ya ce. "Sau biyu kuka ci kofin?"

'Yata na baya rungume da kofin, don an ba ta ta kwana da shi. Ta fara ba shi labari da Larabci kamar famfo ya fashe, ina gyara mata, tana cewa ita dai ta riga usur, ina cewa ba ta riga ba. Ya tsaya wani gidan abinci a unguwar Jaradiya ya sayo shinkafar bukhari da gasassun kaji, muka ci gaba da musu a kan tire har ƙannenta suka rabu gida biyu. Da za ta tashi ta ɗauke cinyar kazar da ke gabana, ta ce diyyar ƙwallonta ce. Na bar mata.