Kawu Garba da Ruwan New Bell

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Garba, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Cikin yaran da ya koya wa tunanin injiniya a lungunmu na unguwar New Bell a birnin Duwala, ni ne gwani. Da Faransawa sun nemi shawarata kan gadar nan da suke ɗorawa a kogin Wouri, da an fara da hantsi an gama kafin la'asar.

Kawu ba injiniya ba ne a takarda. Lebura ne mai riƙe wa wani Bature sandar awo, kuma a kan sandar nan ya tsufa, don takardar da za ta ɗaga shi ba a ba irinmu. Abin da ya kwaso da ido, mu yake zuwa ya juye wa. Ran Lahadi yakan tara mu, muna 'yan shekara shida zuwa bakwai, ya ba kowa gwangwanin ruwa, ya ce a zuba a ƙasa a bi shi da rarrafe. Wanda ya tare ruwan da ƙafa ya sha ranƙwashi. Injiniya, in ji shi, ba da gini yake farawa ba, sai ya duba ina abin yake son zuwa, kuma wa zai cutu. Mukan yi gada da gora, ya riƙa ɗora mata bulo har ta karye, sannan ya tambaye mu daga ina ta fara kuka.

Da zai leƙo yau, ban san da idon da zan dube shi ba. Unguwa ta cika, har kaza sai ta nemi izini kafin ta juya. Fili ba namu ba, wurin komawa babu, ruwan Duwala kuwa in ya fara sai ya manta da ɗaukewa. Kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa don ruwa ya wuce gidan maƙwabci. Ni ɗalibin Kawu na fi kowa: bana na ja katangar siminti har gwiwa, na toshe kwatar baya don kada ruwan gidan maƙwabcina Alhaji Buba ya shigo.

Na waje bai shigo ba, gaskiya. Na sama ne na manta da shi. Kwana uku ke nan mu shida muna kan gado ɗaya, tukwane suna kai wa juna ziyara. Rubutun nan ma a kan cinya nake yin sa. Autarmu tana tari, uwarta Ladi ta ɗaure kaya, ta ce in ruwan bai fita gobe ba za ta kwashe yara zuwa gidan yayanta a unguwar Nkololoun. In na fasa katangar kuwa, ɗakin Alhaji Buba ruwan zai tafi duka, mutumin da ya gargaɗe ni tun ina kwaɓa siminti.

Kawu bai bar gida ba, bai bar muƙami ba. Tambayoyinsa ya bari, kuma suna nan a kaina, ba wadda ta ɓata, sai dai a makare suke zuwa. Ɗazu na fara ba yara labarin irin ilimin da na gada. Ladi tana kwalfe ruwa da ƙwarya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, Allah ya jiƙan Kawu," in ji ta. "Amma da ka faɗa mana rijiya za ka gina, da mun sayi guga."