Maganin Da Muka Yi Wa Mai Lafiya

Lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramar matar aure ce a Bodinga, da goyon ɗiyata ta fari. Na gama sakandare, har maƙwabta kan zo in karanta musu katin asibiti, don haka ina jin ni ma na san duniya. Maigidana ɗan Dandin Mahe ne, ya yi karatu a Turai har ya zama dakta, amma ba na allura ba. Fanninsa fiziks, ɓangaren da suke kira kwantam. Ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da na'ura, daga allo sai alli sai tunani. Ya taɓa gaya mini cewa aikinsa shi ne lissafa halayen abubuwan da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, waɗanda kafin a auna su kamar suna nan kuma suna can. Na ce masa wannan ai sifar aljanu ce. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi dai duk sanda lissafin ya fita daidai, tsoron Allah ke ƙaruwa a zuciyarsa.

Ana cikin mulkin farar hula na biyu sai ƙasa ta tsuke. Sabulu da madara sai an bi layi, mujallun da ake aiko masa daga waje suka daina zuwa, jami'ar da yake koyarwa kuma aka rufe ta ba ranar buɗewa. Ya dawo gida ya jingina babban allonsa a zaure. Wata cibiyar bincike a Turai ta yi masa alkawarin in ya kammala aikin da ya faro kafin damina ta wuce, za ta ɗauke shi. Sai ya duƙufa. Tuwo ya huce a gabansa bai sani ba, yana zagaya zaure yana magana shi kaɗai, yana zana abu a iska da yatsa. Wata rana har masallaci ya tafi da takalmi wari daban-daban. Amma salla ba ta taɓa wuce shi ba, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Rannan Inna, mahaifiyarsa, ta zo ganin jikarta. Ni tausayi ne ya kama ni, ina son ta sa baki ya riƙa cin abinci, sai na zayyana mata duk halin da yake ciki, har da zancen abin da ke nan kuma yana can. Na ga fuskarta ta sauya. Ba a daɗe ba ta dawo da ƙannen mahaifinsa, ta ce iskokin ƙasar Turawa sun biyo shi, za a kai shi wurin wani mai magani a ƙauyen da ke bayan Kajiji. Ya durƙusa ya yi ta bayani cikin ladabi. Ta ce in bai bi su ba, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Nan ya juyo gare ni, ya roƙe ni in gaya wa Inna lafiyarsa lau, tunda ni nake kwana nake tashi da shi, kuma na yi makaranta. Duk idanu suka dawo kaina. Ina tarbiyyar da za ta bar ni in ƙaryata surukata a gaban manya? Na sunkuyar da kai, na ce Allah ne masani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tashi ya bi su.

Can aka sa masa mari a ƙafa, ana yi masa hayaƙi safe da yamma. Duk sanda ya buɗe baki zai bayyana aikinsa, sai mai maganin ya ce to ga aljanin nan ya fara wa'azi, a ƙara garwashi. Da na kai masa fura, bai tambaye ni komai ba sai guntun alli, shi ma aka hana. Mai maganin ya kafa sharaɗi: ba za a kwance shi ba sai an ɗauko allon nan, ya wanke shi da hannunsa, ya kuma faɗa a gaban jama'a cewa duk abin da ke kai shirmen iskokai ne. Ya cije har aka yanke gero, damina ta wuce da wa'adin da cibiyar nan ta ba shi. Daga nan ya ce a kawo allon. A kan babur aka ɗauko shi, ina tsaye ya zuba ruwa ya goge tas, ya faɗi abin da ake so ya faɗa.

Da ya dawo gida mutane suka yi ta zuwa barka, Inna har sadaka ta raba. Ni kuwa na san ba wanda na aura aka dawo mini da shi ba. Yana cin abinci kan kari, ba ya magana shi kaɗai, kusan ba ya magana ma da kowa. Da aka buɗe jami'a bai koma ba, ya kama noman albasa a fadama. Bayan shekaru wani abokin karatunsa ya nemo shi, ya tambaye shi ina aikin nan ya tsaya, don har lokacin masana na fama da matsalar. Ina jin su daga bayan ƙofa, ya amsa masa a hankali cewa ai shi ya warke. Har Allah ya karɓi abinsa bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Ba na zargin Inna, son ɗanta ne ya ja ta. Ni ce na sani na yi shiru. Kunya ado ce, amma na gane ba ta halatta ɓoye shaida, kuma ina roƙon Allah ya gafarta mini. 'Yan'uwana mata, ba duk abin da muka kasa fahimta ba ne ciwo. Ku auna abin da za ku fitar daga ɗakinku, kuma ranar da aka tsayar da ku shaida a kan mutum, ku faɗi abin da kuka sani ko da murya na rawa. Ni an ba ni wannan damar sau ɗaya, ba ta sake dawowa ba.